Hannun mai lalle ma hannu ne

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba. Yau maganar ta 'yan uwana mata ce masu sana'ar lalle da gyaran jiki, tun daga nan Sabiyal har Aliero, Jega da Maiyama. Maza kada ku wuce, kowannenku yana da ƙanwa ko mata ko ɗiya.

Jajibirin sallar da ta wuce, wata ƙanwata ta zauna tun hantsi har tsakar dare tana zana wa mata lalle. Kuɗi kam ta samu. Amma da safe yatsunta sun yi baƙi ƙirin kamar ta wanke gindin tukunya. Ta sa omo, ta sa lemon tsami, daga ƙarshe ta ɗauko bilicin wanki. Baƙin bai fita ba, fatar ce ta tsage. Kwana biyu bayan nan ƙaiƙayi ya taso, ƙuraje masu ruwa suka fito mata tsakanin yatsu. Biki biyu ta mayar da kuɗin mutane. Shi ya sa na ce sai mun yi wannan maganar.

Toh, me ya sa launi ke kama hannu haka? Ganyen lalle yana da wani sinadari da ake kira lawsone. Shi ke manne wa keratin, wato abin da aka gina saman fata da farce da gashi da shi. Tafin hannu da na ƙafa sun fi ko'ina kaurin wannan fatar, shi ya sa lalle ya fi ja a nan. Idan ya kama, sabulu ba ya fitar da shi, sai fatar ta saɓe da kanta, sati biyu zuwa huɗu. Farce kuwa kusan milimita 3 yake tsiro a wata, kafin ya sake gaba ɗaya sai an yi kusan wata shida.

Bari in ba ku abin dariya. Mu nan ana kashe kuɗi a yi fari, a Amurka da Ingila kuwa Turawa biya suke a fesa musu wani ruwa su yi duhu. Sinadarin cikinsa sunansa DHA, kuma yadda yake rina fata daidai yake da yadda bayan burodi ke yin ja a gasawa. Su ma masu wannan aikin babbar damuwarsu hannu ce, don tafi ya fi shan launin. Me suke yi? Mai fesawa ba ta fara aiki sai da safar hannu, kuma tana shafa wa kwastoma mai a tafi da farce kafin a fara. Wato tsari ake yi tun kafin launi ya sauka. Mu kuma sai ya kama sannan mu shiga neman abin gogewa.

Amma matsalarmu ta wuce launi. Jan lalle na ganye yana son awanni kafin ya kama sosai. Wanda ke yin baƙi cikin mintuna, wanda muke kira dayis, yawancinsa yana ɗauke da PPD, sinadarin rinin gashi. A Tarayyar Turai, ko a rinin gashi ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, kuma hukumar FDA ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Abin tsoron shi ne jiki na iya jure shi shekara da shekaru, rana ɗaya ya ƙi. In ya ƙi, ya ƙi ke nan har abada, ko rinin gashi mutum ya taɓa sai ya kumbura. Amarya sau ɗaya ake mata. Ke mai zanen fa? Mutum nawa kike yi wa a sati?

Ga abin da nake roƙon ku.

Na farko, safar hannu, kuma a san wadda za a saya. Ki je kemis ki ce ta nitrile kike so, yawanci shuɗiya ce. Ta fi farar roba ta latex da ta leda tare sinadarin rini. Ki zaɓi wadda ta kama hannunki tsam, zane ba zai gagare ki ba bayan kwana biyu na sabo. Sau ɗaya ake sa ta a yar. Kada ki juya ta ki sake sawa, dafin da kike gudu ne kika mayar ciki.

Na biyu, lokacin kwaɓi da lokacin wanke wa kwastoma ma hannu yana shan dayis, ba lokacin zane kaɗai ba. Ki kwaɓa da cokali, ki ɗaure bakin ledar da salatif kada ta tsiyaya, ki cire zobba, ki rage farce.

Na uku, basilin ko man kaɗe a gefen farce da tsakanin yatsu yana hana launi zama. Amma ki ji da kyau: launi yake tarewa, bai maye gurbin safa ba. Kuma kada ki taɓa wurin da za ki zana da hannu mai maiƙo, lallen ba zai kama ba, kwastoma ta ce ba ki iya ba.

Na huɗu, ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa. Ɗigo ya taɓa ki, goge nan take. In ya riga ya kama, ki haƙura. Ban da bilic, ban da kananzir, ban da fetur. Fatar da ta tsage ita ce ƙofar da sinadari ke shiga. Ruwan ɗumi, sabulu mai laushi, man kaɗe da dare, shi ke nan. Masu dilka, rawayar kurkum ma da safa ake kauce mata.

Na biyar, yara. Ki ɗaga garin dayis inda hannunsu ba ya kai, domin shan sa kisa yake, yana kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda. Jarirai kuma a bar musu lalle, ko da ja ne. Yaron da ke da ƙarancin G6PD, wanda ba baƙon abu ba ne a Najeriya, lalle na iya fasa masa ƙwayoyin jini.

In kin ga ƙaiƙayi, kumburi ko ƙuraje masu ruwa, ki dakata da dayis ki je asibiti, ki tafi da kwalin a gani. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye.

Na san za a ce, "Anti, mata baƙi suke so, in na ƙi su tafi wurin wata." Gaskiya ne. Amma ki gaya musu abin da ke ciki, ki nuna musu ja mai kyau, kuɗin safa kuma ki sa shi cikin kuɗin aiki. Ku kuma amare, in mai lalle ta ƙara ɗan abu saboda safa, kada ku yi ta ciniki kamar kuna sayen albasa a Aliero.

Ƙanwata ta koma aiki, ja kawai take yi yanzu, kuma layi bai ragu ba. Ki tura wa mai lallenki wannan kafin bikin da ke tafe, sannan ku faɗa mana a ƙasa abin da kuka taɓa gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.