Jirgin Ruwa a Ƙasar Dutsi: Hutu, Tuƙi da Kiyaye Rai

 

 

Gabatarwa

Duk wanda ya san Takanamat da arewacin Adar zai yi mamakin jin an tsayar da jama'a domin zancen jirgin ruwa. Ƙasa ce ta fako da dutsi da rairayi, wadda ruwanta ke cikin rijiya, har masu iya magana suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ba'adare ya san guga da wasaki da igiyar jan ruwa tun yana yaro, ya san turken doki da dabaibayin raƙumi. Filafili da gwangwala kuwa sai labari.

Amma zamani ya kai ƴan Adar bakin ruwa. Tabkuna sun zauna a cikin jihar Tawa har ana su a cikinsu rani da damina. Ƴan biɗa da fatake da ɗalibai suna ƙetare Kwara a Yamai da Gaya da Yawuri, wasunsu kuma sukan hau kwale-kwale ranar hutu domin shan iska da buɗe ido. Wannan jawabi zai tsaya a kan abu guda: daɗin da ake ji a bisa ruwa yana tsaye ne a kan sani da tsari, kuma wanda ya hau jirgi ba tare da su ba ya ba da ransa aro.

Ruwan da ke kusa da gida

Tarihi bai raba Adar da mutanen ruwa ba. Kafin Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, Adar tana ƙarƙashin Kantan Kabi ne, wato ƙasar Kabawa da Sarkawa, waɗanda har yau ba a fi su sanin su da tuƙi ba. A Argungu, bikin kamun kifin da aka fara a shekara ta 1934 yana ɗauke da tseren jirage da wasannin ruwa da ake kira kabanci, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Ko sahara ma ta taɓa ganin jirgin ruwa. A shekara ta 1850 ayarin Turawa masu yawon bincike, wanda Bajamushe Barth yake ciki, ya ɗoro jirgi gunduwa-gunduwa a bisa raƙuma tun daga Tarabulus, ya ratsa ƙasar Azbin da shi. A 1851 abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tabkin Cadi, ya ziyarci tsibiran Buduma.

A yau jihar Tawa tana da manyan tabkuna biyu da sunansu ya kai duniya. Na farko shi ne tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas. Na biyu shi ne tabkin Ɗan Dutsi, wanda ruwan damina na 1974 ya cika shi, ya mai da wurin da ake noman hatsi ya zama gidan kifi. A shekara ta 2005 aka sanya su duka biyu cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. A cikinsu akwai tarwaɗa da karfasa, a gefensu akwai garake, kuma da sanyin hunturu tsuntsaye kan sauko musu tun daga ƙasashen Turai. Wanda masunci ya ɗauka a kwale-kwale da hantsi ya zaga da shi tsakanin kirinjijiya da zalɓe da balbela, ya san akwai hutun da ba a samu a inuwar bukka.

Babban kogi

Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, ya taso daga duwatsun Gine, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku a Najeriya. Kimanin kilomita 550 daga cikin wannan tafiya a ƙasar Nijar yake yin su, daga iyakar Mali ta wajen Ayoru, ya bi ta Tilaberi da Yamai da Sayi har Gaya. A Yamai kuma mazaunin hukumar ƙasashe tara da ke raba ruwansa yake.

Shekaru da dama masu yawon buɗe ido sun riƙa hawa jirgi zuwa kasuwar Bubon ta ranar Laraba, da ta Ayoru ta ranar Lahadi inda ake kallon dorina, da gandun dajin W wanda aka kafa a 1954. Rashin tsaro ya durƙusar da wannan sana'a, musamman tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihohin Tilaberi da Tawa a 2017. A Mali ma, harin da aka kai wa jirgin fasinja mai suna Tumbuktu a watan Satumba na 2023 ya nuna cewa kogi ba ya zama lafiya in tudu bai zauna ba. Saboda haka tambayar farko ga mai niyyar yawo a ruwa ita ce halin da hanya take ciki.

Jiragen da ke bisa kogin iri-iri ne. Akwai ƙaramin kwale-kwale da ake sassaƙawa daga gungumen itace kamar maɗaci, na masunci da ɗansa. Akwai na katako da ake haɗawa da ƙusa a toshe kafofinsa da tsumma da kwalta. Akwai kuma abara, babban jirgi mai ɗaukar buhuna da dabbobi da mutane, wanda a yanzu inji ke turawa.

Sanin hanya

Kwara tana cika sau biyu a Yamai. Cikar farko ta jan ruwa ce, a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ƙoramun yankin ke kwaso laka su zuba a kogi. Ruwan yakan taso da gaggawa, ɗauke da itatuwa da tarkace. A Satumba na 2020 ya kai tsayin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ci unguwanni da gonakin shinkafa. Cika ta biyu ta ruwan Gine ce, wanda ke yin watanni a hanya yana tacewa a fadamun Mali, ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Wannan shi ne lokacin yawo: ruwa ya wadata, ya kwanta, rana ba ta ƙuna. Daga bazara kuwa sai kogi ya janye, yashi da duwatsu su fito. A watan Yuni na 1985 har tsayawa ya yi da gudu a Yamai.

Gwanin matuƙi yana karanta fuskar ruwa kamar yadda madugu ke karanta sawu a rairayi. Ruwa mai duhu da santsi zurfi ne. Inda ya yi fari yana ƙananan tattara, yashi ne a kusa. Inda yake juyawa wuri guda, dutsi ne ko kututture a ɓoye. A kwana, zurfi yana bin gaɓar waje, yashi yana taruwa a ta ciki. A wuri marar zurfi ana tura jirgi da gwangwala, a zurfi a koma ga filafili, mai inji kuma ya ɗaga farfela in ya shiga ciyawa ko ya hangi komar masunta. Jirgin da ke gangarowa ya fi wuyar tsayarwa, don haka mai hawa shi ke ba da hanya. Ga wanda ya manta da ƙarfin duwatsun kogi, ya tuna a gangaren Busa ne tafiyar Bature Mungo Park ta ƙare a 1806.

Tabki ba ya gudu, amma yana da nasa sharri. Ƙarƙashinsa taɓo ne mai riƙe ƙafa, ga kututturan bagaruwa da ruwa ya ci. Da yake fili ne, iska na tayar da igiyar ruwa nan da nan. Manomin Adar ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. In gabas ta yi baƙi, babu shawara sai neman gaɓa.

Dorina kuwa ana ba ta girmanta. Ba a shiga tsakaninta da ɗanta, ba a tare mata hanyar zurfi, kuma matuƙa kan buga gefen jirgi domin ta san da zuwansu, kada a yi mata ba-zata.

Ɗaure jirgi

Wanda ya iya ɗaure doki ya fahimci rabin wannan babi. Ana juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, a kafa turke ko a soka gwangwala cikin laka, a ɗaure da igiya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, domin kada iska ta juya shi ya daki dutsi. Igiyar tana son sassauci. In ruwa ya ƙaru da dare, gajeren ɗauri zai danne goshin jirgi ya sha ruwa, in kuma ya ragu, a wayi gari jirgi yana zaune a taɓo.

Ba a ɗaure jirgi a ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, domin tana iya zubowa. Ba a ɗaure shi a turbar da dorina ke fita kiwo da dare, ko a mashayar dabbobi, ko inda mata ke wanki da ɗiban ruwa. Kowace kwata tana da masu ita, kuma ladabi shi ne baƙo ya yi sallama ga mai gari ko Sarkin Ruwa kafin ya kafa turke, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido. Jirgin katako kuma ba ya son daɗewa a tudu cikin rana. Katakon kan bushe ya tsage, ranar da aka mai da shi ruwa sai yoyo.

Jin daɗi a cikin jirgi

Kayan jin daɗin jirgi ba su da yawa, kuma yawancinsu Ba'adare ya san su a gida. Na farko rumfa ce ta tabarmi a bisa tanƙwararrun sanduna, domin rana a ruwa sau biyu take duka, daga sama da kuma daga ƙasa. Sai shimfiɗa a bisa katakon da ya ɗaga daga ƙasan jirgi, da ƙoƙon kwarfe ruwa a hannun yaro mai lura. Murhu yana zama cikin kasko ko tasa mai yashi, nesa da jarkar mai. A kansa ake dafa shayi hawa uku, a soya kifin da aka saya hannun masunci tun yana motsi. A yau wasu matuƙa sukan ɗora farantin hasken rana a kan rumfa domin fitila da cajin salula.

Ruwan sha daga gida ake ɗaukarsa. Ruwan da ke kwance a gefen tabki da fadama shi ne mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, don haka wanka da wasan yara a cikinsa ba hutu ba ne. Masu kwana sukan zaɓi tsibirin yashi inda iska ke kaɗawa, su kafa gidan sauro. Nan ne kuma ya fi dacewa a sauka a yi salla, tunda jirgi yana juyawa alƙibla tana sauyawa.

Abin da ganganci ke jawowa

A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka danƙara wa mutane fiye da 150 ya tsage a Kwara kusa da Wara ta jihar Kabi, rayuka masu yawa suka salwanta. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, mutane fiye da 100 suka rasu a hanyar komawa gida daga ɗaurin aure, cikin dare. Allah ya jiƙansu. Dalilan da ake ambata bayan irin waɗannan masifu kusan guda ne kullum: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, da rashin rigar ceto.

Mutumin tudu ya fi kowa shiga haɗari, domin bai iya iyo ba, kuma tsoro kan sa ya miƙe tsaye a daidai lokacin da ake son ya zauna. Saboda haka uba ya gaya wa ɗansa mai tafiya biɗa: ya dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ya shiga, in ta gaza ya jira na baya, ya nemi rigar ceto ya ɗaura ta tun a gaɓa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, ya zauna inda matuƙi ya nuna masa, kada ya yarda da fiton dare don gudun kwana a tasha.

Kammalawa

A ƙasashen kogi, sarauta ta daɗe da gane cewa ruwa yana son mai tsawatawa, shi ya sa ta naɗa Sarkin Ruwa, mai faɗin ranar shiga da ranar fita, mai hana yaro tuƙi, mai tara jama'a in an yi haɗari. Tabkunan Adar sun kai matsayin da ke buƙatar irin wannan kula: a san adadin da kowane kwale-kwale zai ɗauka, a raba mashayar dabbobi da wurin ɗaure jirage da ƙofar garake, a koya wa yaran gefen ruwa iyo a hannun masunta.

Akwai kuma aikin tudu. Kowace damina ƙoramu na kwaso yashi daga fakon da aka sare itatuwansa su zuba a tabki, zurfinsa yana raguwa. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, ya nuna cewa jeren duwatsu da ramukan tare ruwa da dashen itace suna tsayar da ƙasa a inda take. Manomin da ya jera dutsi a gonarsa yana da hannu a kifin da ake ci a Tawa, da kuma ruwan da jikokinsa za su hau jirgi a kansa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, ya zaunar da ƙasa lafiya.