Jawabi a kan riƙon gidan taro na gari

 

An ba ni magana a kan gidan nan da muke zaune cikinshi. Ku ɗaga kai ku dubi kusurwar gabas. Wancan baƙin layin da ya sauko bisa bango sawun ruwan bara ne. In ba mu taɓa shi ba kafin watan Yuni, bana ɓaraguzai za mu kwashe.

Manyanmu sun san yadda irin gidajen nan sunka samu. Bayan 1974, zamanin Seyni Kountché, an tada samariya a birane da ƙauyuka, kowane gari da sarkin samarinshi. Da gayya anka buga tubali, mata sunka ɗebo ruwa, magina sunka yi aiki ba lada. Da anka shiga zamanin jam'iyyu, bayan babban taron ƙasa na 1991, wancan tsari ya watse, gidajen sunka rage ba mai su. Ku zagaya ku gani, waɗansu sun zama makwancin awaki. Rashin mai lura ne ya kai su nan.

Zan fara da makulli, don nan rigima ke farawa. Da idona na gani a wani gari, ma'aikatan lafiya sun zo rigakafin yara tun da hantsi, mata sun taru, ashe mai makulli ya tafi kasuwa da shi cikin aljihu. Ƙarƙashin bedi anka yi aikin, iska na zuba ma jarirai ƙura. Saboda haka makulli shi zama biyu. Ɗaya ga mutum sananne wanda gidanshi ke kusa kuma ba matafiyi ba ne, ɗaya ga ma'aji. In ɗayansu zai yi tafiya, shi danƙa ma sakatare gaban shaida.

Sai kaye. A sayi kaye guda, duk mai son gida a rubuta sunanshi da ranar da yake so. Wanda ya riga rubutawa shi ke da rana, ko da ɗan talaka ne. Taron gari, aikin lafiya da karatun yaƙi da jahilci ba su biyan ko dala. Biki, wasa da kallon ƙwallo su biya. Shawarata jika 2 a dare, da jika 1 na jingina wadda za a maida in an ƙirga bencina da tabarmi an tarad da su cif. Kuna iya ragewa ko ƙarawa, amma abin da munka tsaida shi hau kan kowa. Na san za a ce mani, wane surukina ne, ina jin nauyin karɓar kuɗinshi. To, amfanin kaye ke nan: ka ce mishi ba kai ba ne, takarda ce.

Kuɗin kuwa kada su kwana aljihun kowa. Akwati mai kwaɗo biyu, mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace, tun da mun ga yadda mata ke riƙon asusunsu ba a jin kansu. Kowane wata 3 a karanta lissafi da babbar murya, abin da ya shiga da abin da ya fita, don ba dukanmu ke karatu ba. Ba a ba da bashi daga ciki, ko na suna ko na magani. Wannan aikin wani asusu ne daban. Kuma kada a bar su su yi ta tsufa cikin akwati. Waɗanda sunka ga watan Janairu na 1994, da anka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda kuɗin siminti da na kwano sunka tashi, abin da anka tara ya kasa sayen abin da anka yi niyya. In sun ɗan taru, a sayi kwano, ƙusa da siminti a yi aiki.

Wata magana da ba za ta yi ma waɗansu daɗi ba: gidan taro ba rumbu ba ne. Damman hatsi da buhunan wake suna kawo kusu, karan da ake jinginawa ga bango yana kiran gara, ita kuwa gara sai ta kai ga katakon rufi. Takin zamani yana jan danshi yana lalata daɓe. Maganin ƙwari kuma bai da wuri inda yara ke zama ƙasa suna karatu. Wanda ke da kaya a ciki muna ba shi mako guda.

Batun siyasa, ra'ayina a hana kowa. In taro ya ga a bari, to a bar ma kowa, kuɗi ɗaya, kuma ba a shafa fenti ko liƙa hoto ga bango.

Har yanzu filin nan bai da takarda. Tun 1993 ƙasarmu ke da dokar filayen karkara, kuma akwai kwamitin filaye da ake ce ma Kofo. Wanda ya ba da filin ya rasu, jikokinshi suna nan, muna zaune lafiya da su. Yanzu ne ya kamata maigari ya kira su a rubuta kyautar da iyakokinta, su sa hannu, tun shaidu na da rai.

Aikin da ke gabanmu kwana biyu ne: a canza kwanon da ya huje, a buɗe indararo, a yi yaɓen bangon gabas inda ruwa ke duka, a cika ƙasa gindin bango don kada ruwa ya kwanta. Washegarin kasuwa za mu fara. Masu amalanke su kawo ƙasa, kowane gida guga 2 na ruwa. Sakatare na bakin ƙofa da kaye, kowa shi ba da sunanshi kafin shi fita.