Liyafar Mutanen Ailan: Jawabi Ga Masu Shirya Abincin Biki



Maganata a yau a kan yadda ake shirya liyafa irin ta mutanen Ailan ce, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Kada wani ya ce mutanen nan sun yi mana nisa, gama dankalin da ake nomawa a Bokkos da Mangu, wanda 'yan kasuwa ke kira Airish, sunansu yake ɗauke da shi.

Babbar ranarsu ita ce 17 ga Maris, ranar tunawa da Patrick. Shi Patrick ba haifaffen Ailan ba ne. Daga Birtaniya aka kamo shi bawa yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo, ya gudu, daga baya kuma ya komo da bishara wurin mutanen da suka bautar da shi. A ƙarni na 5 ke nan. Ranar ta zama hutun gwamnati a Ailan a 1903, a 1961 kuma Katolikan Nijeriya suka ɗauke shi waliyyin ƙasarmu.

To, me za a dafa? Farfesun rago da dankali shi ne kan gaba. Ga mutum 10, a sami nama kilo 2, dankali kilo 3, albasa da yawa, gishiri da masoro kaɗan. A jera su a tukunya, nama, albasa, dankali, a zuba ruwa, a bar shi a kan wuta kaɗan kaɗan har awa 2. Wasu kan sa karas, wasu kuwa su ce wannan ɓata girki ne. Babu tumatir, babu tattasai, babu manja. Na san iyayenmu mata za su ce wannan ai abincin asibiti ne! Ku haƙura, ku ajiye yaji a gefe domin mai so, amma kada ku zuba cikin tukunya.

Burodinsu ba ya bukatar yisti. Fulawa rabin kilo, soda ta yin burodi ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, da tsala. Tsamin nonon shi ke tashe da sodar. Ba a murza shi da yawa. A tsaga gicciye a bisansa, a gasa minti 40. A dā cikin tukunyar ƙarfe suke gasawa, da garwashi a kan murfi, abin da kowane gida a nan zai iya. Sai kuma dankalin da aka tuƙa da kabeji, madara da man shanu.

Ya 'yan'uwa, wannan abinci marar ado yana da tarihi, kuma mai masauki ya kamata ya faɗa wa baƙinsa kafin a buɗe kwano. A 1841 mutanen Ailan sun haura miliyan 8, talakawansu kuwa dankali ne safe da dare, yawanci iri guda. A 1845 cutar da ke ƙone ganye ta ruɓar da dankali cikin ƙasa ta sauka, irin wadda manoman Filato suka sani da damina. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, wani miliyan kuma ya yi ƙaura, da yawa zuwa Amurka. Abin baƙin ciki, a shekarun nan jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu daga ƙasar ba. Har wa yau yawan mutanen tsibirin bai koma na 1841 ba. A 1847 'yan ƙabilar Choctaw na Amurka, waɗanda ba su daɗe da korar da aka yi musu daga ƙasarsu ba, suka tara kuɗi suka aika. Mutanen Ailan ba su manta ba, har sun kafa musu abin tunawa a yankin Cork a 2015.

Saboda haka a ganina, wanda ya mai da bikin nan sa koren kaya da shaye-shaye kaɗai, ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya. Rina kogi kore al'adar Chicago ce tun 1962. Abin sha kuwa, shayi da madara ya isa, gama mutanen Ailan suna cikin waɗanda suka fi kowa shan shayi a duniya.

Kiɗansu goge ne, da sarewa, da ganga mai kama da bandiri. A tura kujeru gefe, kowa ya kawo waƙa ko labari bi da bi, har yara.

In kuwa da Kirsimeti za ku yi, ku kunna kyandir a taga daren jajibere, alamar cewa baƙo yana da masauki a gidan. Kuma a yankunan Cork da Kerry, ranar 6 ga Janairu ta mata ce: maza ke dafuwa da wanke-wanke, mata su zauna su sha shayi. Dattawa, na ga kuna duban ƙasa.