Fitilar Dare da Lafiyar Gida

Yau maganarmu a kan fitila ce, musamman ga mutanen ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji da Sanyinna har Kuchi, inda a ƙauyuka da yawa in rana ta faɗi sai abin da mutum ya kunna da hannunsa.

Kowa ya san aci-bal-bal. Ku ɗaga kai ku dubi rufin ɗakin da aka daɗe ana kunna ta, za ku ga ya yi baƙi ƙirin. To, wannan baƙin da ya kama azara, shi ne mai shiga ƙirjin yaro in yana barci ƙofa a rufe. Hayaƙin kananzir yana sa tari, yana sa ido ruwa da ƙaiƙayi, mai asma kuwa yana tayar masa da ita. Saboda haka ne a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a guji amfani da kananzir a cikin gida. Ga kuma gobara. Lokacin hunturu iska na kaɗawa, ɗakin jinka ya bushe, gidan sauro na rataye kusa da wuta; fitila ɗaya in ta kife ta isa.

Akwai wani haɗari wanda malaman ɗakin shan magani suka sani sarai. Uwa ta zuba kananzir a kwalbar lemo ta ajiye a ƙasa, yaro ya ɗauka ruwa ne ya kurɓa. In haka ta faru, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ku ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Aman shi ke kai kananzir cikin huhu, can kuwa ya fi ɓarna. Ku tuɓe masa rigar da ta jiƙe, ku wanke masa jiki, ku kawo shi asibiti nan da nan ko da ya ga kamar lafiyarsa lau.

To, me za a kunna a maimakonta? Fitilar nan da ake kira LED, wadda ke cikin tocila da wayar hannu da fitilar sola. Ba ta da lagwani, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Wani ɗan ƙwaya ne ƙarami wanda in lantarki ya ratsa shi sai ya ba da haske. An fara yin mai jan haske a Amurka a 1962, amma farin haske bai samu ba sai da wasu masana uku na Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi shuɗi, har aka ba su lambar Nobel a 2014. Shuɗin nan ake shafa wa wani sinadari, ya fito fari. Tsohon ƙwan lantarki, kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. LED kuwa mai wat 9 tana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, shi ya sa ɗan faranti na sola, wanda bai fi littafi girma ba, yakan ishe ta. Rana kuwa ba mu rasa ta ba a ƙasar Sakkwato.

Masu juna biyu, ku saurara. Naƙuda ba ta zaɓen lokaci. A 2008 wata likita 'yar Amurka, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya, ta ga ana karɓar haihuwa cikin duhu in an ɗauke wuta. Daga nan ita da mijinta suka haɗa akwati mai farantin sola da batir da fitilun LED, wanda daga baya ya shiga ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama. Ungozoma in ba ta gani, ba za ta san yawan jinin da ya zuba ba. In wata ya kama, maigida ya tabbata akwai fitila cike da caji a gida, kuma a tafi da ita asibiti.

Mai fita bayan gida da dare, ko mai zuwa fadama da asuba, ya riƙe tocila ya haska gabansa, don kububuwa da kunama ba su sallama.

Amma fa a kasuwa akwai ta ƙwarai akwai ta banza. Ku gwada kafin ku biya, ku tambayi awa nawa take yi in ta cika. Farantin a share masa ƙura kullum, musamman da hunturu, in ba haka ba cajin ba ya cika. Kada a dalla hasken a idon jariri. Mataccen batir kuma kada a jefa shi a murhu ko kusa da rijiya, kada a bar yara su fasa shi su yi wasa da baƙin garin da ke ciki. Ƙananan nan masu kama da maɓalli sun fi haɗari: in yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu, sai a garzaya da shi asibiti ba jira.