Tsohuwar bas da sanyin asuba: ka saurari motarka kafin ka kashe kuɗi

Shirinmu na yau na direbobi ne da yaran mota, musamman masu jan tsofaffin bas irin su Hiace tsakanin Kibiya da Rano, ko masu bi ta Bunkure su shiga Kano.

Kun san yadda abin yake a Disamba da Janairu. Hunturu ya sauko, an yi lodi tun asuba, fasinja sun cika, direba ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Kafin rana ta fito fasinja sun koma wata motar, kuɗin balas ɗin mai mota kuma yana nan yana jira. Wani ma sai ya ruga ya sayo sabon batir, alhali ba nan matsalar take ba.

To, shawarata guda ce: ka saurari ƙarar da motar ta yi.

Na farko, in ka ji "ƙas, ƙas" kawai, injin bai juya ba, fara duba kan batir. Sau da yawa farin gari ne ya taru a wurin, ko kuma wayar ta yi sako-sako. Ka kwance, ka kankare, ka ɗaure tam. Ka duba wayar da ta tafi jikin bodi ita ma. In duk lafiya suke, sai a waiwayi kik.

Na biyu, in injin yana juyawa amma da kyar, kamar mai ciwon baya, to batir ya yi rauni. Sanyi yana rage masa ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri. Ka je wurin mai wayarin ya sa mita. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6, in ya sauko 12.2 to rabi ya tafi. In mota na aiki kuma, ya kamata a ga wajen 14. In ba a gani ba, altaneta ce ba ta caji, ko sabon batir ka sa zai mutu.

Na uku, in injin yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa, ka ƙyale batir, ba ruwansa. Mai fetur, a duba fulogi da cok ɗin kafireto. Mai gas, watau dizal, a duba hita. Ka buɗe makulli ka jira fitilar hita ta mutu kafin ka tayar. Farin hayaƙi da asuba yakan nuna wata hitar ta ƙone. Kada ka manta da matatar iska, ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri.

Abu biyu kuma don Allah a bari. Kada ka danne makulli fiye da daƙiƙa 10, ka huta rabin minti ka sake, in ba haka ba kik zai ƙone. Sannan masu hura wuta a ƙarƙashin injin, da masu tsiyaya fetur a bakin kafireto, wallahi ganganci ne. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye motar da kake ci da iyali da ita.

Turi yana fitar da kai yau, amma ba gyara ba ne. Gobe da asuba ka buɗe kunne, sai ka faɗa wa bakanike ainihin abin da ka ji. Shi ma aikin zai zo masa da sauƙi.

Ku tura wa direban da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a sauka lafiya.