Jarabawa ɗaya, shiri daban-daban: sakandaren Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Bilbis

Yau maganar sakandaren gwamnati za mu yi, kuma za mu kwatanta wurare huɗu: Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Bilbis.

Yaron da ya gama aji shida a Gusau da wanda ya gama a Bilbis, takardar WAEC ɗaya ake miƙa musu, NECO ɗaya, JAMB ɗaya. Kowannensu sai ya kawo kiredit biyar, har da Turanci, kafin jami'a ta dube shi. Mai maki a can ba ya tambayar daga wane gari ka fito. To tunda ma'aunin ɗaya ne, shin shirin da aka yi musu ɗaya ne?

Mu a nan, in an ce makaranta ta yi kyau, fenti muke kallo, da katanga, da sabon kwano. Gini yana da amfani, ba musu, amma ba shi ke cin jarabawa ba. Abubuwa huɗu nake so mu auna.

Na farko, malami. Ba yawan sunaye a takardar albashi ba fa, wanda ke tsaye gaban allo. Gusau hedikwatar jiha ce tun 1996, ma'aikatar ilimi na nan, Jami'ar Tarayya na nan tun 2013, ga tsoffin makarantu irin Sambo da Ɗanturai. Malamin fiziks ko kemistiri can yake son zama, kusa da iyalinsa da asibiti, ga darasin yamma da zai ƙara masa ɗan kuɗi. Bunguɗu tana cin albarkacin kusanci: mutum zai kwana Gusau ya koyar a can ya dawo. Tsafe hedikwatar ƙaramar hukuma ce, tana ɗan riƙe nata. Amma da ka nufi Bilbis, Kucheri, Wanzamai, sai lissafi ya canja. An tura malami, sai ya fara neman wanda zai tsaya masa a mayar da shi gari. Kuma wallahi kar mu yi saurin zaginsa, kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta shiga a shekarun nan. Ƙarshenta sai ka ga wanda ya karanta wani fanni daban shi ke riƙe da lissafi, don dai kada aji ya zauna haka nan.

Na biyu, kwanakin karatu. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. A ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗaukar ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Da aka fara buɗewa a farkon 2022, ba duka aka buɗe tare ba, inda ake ganin da sauran hatsari ya ci gaba da zama a rufe. To wa ya fi asara? Ɗan birni ya tafi darasi, ko an sa shi a makarantar kuɗi. Ɗan ƙauye ya koma gona, yarinya kuma wata an aurar da ita kafin a buɗe. Ko a lokacin da ake buɗe, ranar kasuwa tana cin nata, damina tana cin nata, jita-jitar hari tana cin nata. Manhaja kuwa ba ta jiran kowa.

Na uku, kayan aiki. WAEC tana da jarabawar gwaji a fiziks, kemistiri da bayoloji. JAMB kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarabawa, ko bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai da aka zaunar da shi a cibiya, rabin lokacinsa a fargaba zai tafi. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, sabo ya rasa.

Na huɗu, sakamako. A nan ma kar a ruɗe mu da "ɗalibanmu sun ci". Nawa suka shiga aji huɗu? Nawa suka kai aji shida? Nawa suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi? Mata nawa ne a ciki? Kuma ku tuna, an yi shekaru ana riƙe sakamakon ɗaliban jihar nan saboda bashin WAEC da NECO. Mai hali ya sake biya wa ɗansa a wani wuri, marar hali ya zauna jira.

Kar wani ya ce na ce Gusau aljanna ce. Can ma akwai tata cutar: cunkoso. Mutanen da rashin tsaro ya koro sun cika gari, aji ya cika har malami ba ya iya duba littafin kowa. Wato birni na da malamai amma aji ya yi masa kaɗan, ƙauye na da aji amma ba mai shiga ya koyar. Matsala ɗaya ce mai fuska biyu, domin duk makarantar ƙauye da ta mutu, birni ne ke ɗaukar kayanta.

A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an biya basussukan jarabawa, an gyara gine-gine a wurare da dama. Wanda ya yi daidai a yaba masa. Amma ma'aunin nasara shi ne: shin ratar da ke tsakanin Gusau da Bilbis ta ragu?

Ga abin da nake nema. Daga gwamnati: a ba malamin da ya yarda ya zauna ƙauye alawus na musamman da masauki, a ɗauki 'ya'yan yankin masu NCE da digiri su koyar a garuruwansu, sannan a riƙa fitar da sakamakon kowace makaranta daban, kowa ya gani. Daga mu matasa: wannan zangon, ku haɗu mutum uku ko huɗu, ku je makarantar garinku da ladabi, ta hannun shugaban makaranta da kwamitin SBMC. Ku rubuta darussan da ba su da malami, kwanakin da aka rasa, ko ɗakin gwaji na aiki, da yawan waɗanda suka samu kiredit biyar. Ku kai wa mai gari, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku. Surutu a Facebook ana iya share shi, amma takarda mai alƙaluma da wuya a kau da kai.

Kuma kai da ka gama jami'a kana zaune, Asabar ɗaya a mako ka koyar da ƙannenka lissafi. Da babu gara ba daɗi.

Iyaye, don Allah, kafin ku yaba fenti, ku buɗe littafin yaro ku ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, Ya yi wa karatun yaranmu albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.