Ina Matar Mankrik? Lacca Kan Aike da Yawon Gano Duniya a Wasannin Intanet

 

Da labarin wata gawa zan fara. A wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004, akwai wani mayaƙi mai suna Mankrik da ke tsaye a wani zango tsakiyar makeken fili da ake kira Barrens. Kana zuwa sai ya roƙe ka ka nemo masa matarsa, wadda suka rabu a fagen daga. Babu kibiya a taswira, sai ɗan kwatance. Ko ka isa inda take ma, gawa za ka tarar yashe kusa da wata bukka, ba a rubuta sunanta ba. Haka 'yan wasa suka yi ta bulayi cikin ciyawa, kowa na jefa tambaya ɗaya a zauren hira: ina matar Mankrik?

Irin wannan aiki da wasa ke ɗora maka shi nake kira aike, domin bai bambanta da aiken da ake yi wa yaro ba: je wuri kaza, ka samo abu kaza, ka dawo da bayani. Wasu masu tsara wasanni suna ɗaukar aiken Mankrik a matsayin kuskure. Ni kuwa ina ganin ya yi abin da ɗaruruwan aike masu santsi suka kasa. Wanda ya nemi matar nan ya san filin Barrens da ƙafarsa, ya san inda zakuna suke, ya san hanyar da ba ta ɓullewa. Ya kuma yi magana da baƙon da bai taɓa gani ba, domin matambayi ba ya ɓata.

Richard Bartle, wanda shi da Roy Trubshaw suka gina wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila tun daga 1978, ya kasa 'yan wasa gida huɗu a wata maƙala ta 1996: masu neman nasara, masu zumunci, masu farautar abokan wasa, da masu bincike. Waɗannan na ƙarshe su ne suka yi asara a Disamba 2009, lokacin da Blizzard ta fara nuna wurin kowane aike a kan taswira. Ido ya bar duwatsu da koguna, ya koma kan ɗigo.

Ban raina uzurin wannan sauyi ba. Mai aiki da ya dawo gida a gajiye, ya sayi data da guminsa, ba ya son ya ƙarar da sa'a guda yana laluben gawa. Amma akwai wata hanyar. The Secret World, na kamfanin Funcom na Norway a 2012, yakan ba ka saƙo cikin harufan Morse ka warware da kanka, har da manhajar shiga intanet a cikin wasan don ka yi bincike. Alamar tana nan, sai dai a cikin labarin aka ɓoye ta.

A 2019 Blizzard ta dawo da tsohon wasan da sunan Classic, babu ɗigo a taswira, mutane kuma suka yi tururuwa har ana layin shiga. A zauren hirar Barrens tambayar nan ta sake tashi, ko da yake amsarta ta daɗe a rubuce a intanet.